Tabon Gunya

A garin Tsamiyar Dogo, can bakin wani kwari da ba kowa ke bi ta cikinsa ba, an yi wani mutum wai shi Tunau, wanda dawakin da ya zana a bangon zaurensa suke yin gumi. Ba ƙari na yi ba. In ya fito da safe sai ya tarar da baƙin dokin nan na bango ya jiƙe sharkaf, jan kuma kofatansa duk taɓo, wani irin taɓo shuɗi da babu shi a ƙasar. Tunau bai taɓa kai maganar gaban kowa ba. Tsumma yake ɗauka ya goge musu jiki, ya kankare taɓon, yana mita ƙasa-ƙasa: "Ko wane ne ke hawanku, bai san darajar doki ba. A ce a dawo da dabba jiƙe, ko shafa babu."

Sana'arsa ke nan, zanen dawaki a bangon mutane da jar ƙasa da farar ƙasa da shuni da gawayi, a dama su da ƙaro. Amma yana da wata al'ada da ke ba masu dawaki haushi. Ba ya zana doki sai ya yi kwana bakwai yana masa hidima da hannunsa. Ya share barga, ya zuba harawa, ya jiƙa dusa da kanwa, ya cire kaska, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya ya duba. Gashin wutsiyar da ya zube wajen taza, shi yake ɗaurewa a bakin kara ya yi zanen da shi. Kuma abin da hannunsa ya taɓa shi zai fito a bango. In dokinka na da miki a baya, mikin zai fito, ko za ka yi wata guda ba ka gaishe shi ba.

Shi kansa dabba ɗaya gare shi, wata goɗiya da ake kira Gunya saboda launinta mai kama da madarar da ta kwana. Tana 'yar ƙarama kura ta kama ta a kafaɗar hagu, mai ita ya ce a bar ta a daji, ba ta da sauran amfani. Tunau ya ɗauko ta a kan jaki, ya yi kwana arba'in yana wanke raunin da ruwan zafi, yana barbaɗa garin bagaruwa, yana riƙe kanta a cinyarsa in zafin ya taso. Tun daga nan ba wanda take bari ya taɓa kafaɗar sai shi. In ta ji takunsa sai ta yi wata 'yar haniniya a maƙogwaro, ta zo ta dafa goshinta a ƙirjinsa. Shekara ashirin da shida ke nan, ba fashi.

To, bana tsufa ya kama ta sosai. Gwiwar dama ta kumbura, haƙora sun cinye, kwana huɗu ba ta taɓa harawa ba sai dai ta shinshina ta kau da kai. Matarsa Yalwa ta fito da dusa a ƙwarya ta tsaya tana kallon su biyun. "Malam, kai ma fa ba ka ci ba," in ji ta. "In ta kwanta, kai za a fara jinya." Tunau ya san dawaki, ya san Gunya ba za ta kai ƙarshen damina ba, kuma abin yana cin ransa ƙwarai.

Ran nan da tsakar rana, lokacin da gari ya yi tsit ko kaza ba ta motsi, yana zaune a zaure yana niƙa shuni, sai bango ya buɗe kamar labule. Wani dogon mutum ya fito, rigarsa launin taɓon nan shuɗi, yana riƙe da ragamar baƙin dokin zane.

"Aminci ya tabbata a gare ka, ya ɗan Adam mai hannu," in ji baƙon.

"Tare da kai," Tunau ya amsa, bai ko ajiye dutsen niƙan ba. "Kai ne mai dawo mini da su jiƙe?"

Baƙon ya sunkuyar da kai. "Laifin nawa ne, na kuwa karɓe shi. Ni ne Shamakin Birnin Bayan Bango, mai kula da dawakin aljanu. Shekara goma sha ɗaya muna aron dawakinka, domin duk zanen 'yan Adam in muka hau rushewa yake a ƙarƙashinmu, naka ne kaɗai ke ɗaukar mahayi. Yau Magajiyarmu ta aiko ni. Tana da doki, Ƙi-turke, shekara ɗari uku yana gudu bai tsaya ba, yana ta ƙarewa kamar sabulu a ruwa. In aka zana shi daidai a bangon fada zai sami wurin kwanciya. Masu zane na ƙasashe bakwai sun gwada sun kasa."

"In na zana fa?"

"A taskar Magajiya akwai wani launi cikin ƙoƙo ɗaya tal. Dabbar da aka zana da shi, yadda aka zana ta haka take komawa. Naka ne."

Tunau ya leƙa tsakar gida, inda Gunya ke tsaye a turke kanta a ƙasa. Bai ƙara tambayar komai ba. Ya ce da ita zai tafi, kuma a ƙasa, don ba zai ɗora mata nauyinsa ba. Yalwa ta ɗaure masa damin harawa da kanwa da 'yar fura, ta raka su har bakin bangon. "Malam, in sun ba ka abinci ka yi bisimilla da ƙarfi," in ji ta, ta juya da sauri don kada ya ga idonta.

Suka shiga bangon, jiki ya ji kamar an tsoma shi a randa. Suna fitowa sai ga wani kogi, ruwansa ba launi, bakinsa duwatsu da itatuwa da tsuntsaye duk farare fat. Wata tsohuwa na zaune a kwalekwale, ita ma fara kamar toka tun daga gashi har farce.

"Ya matafiyi," in ji tsohuwar, "duk abin da ya haye kogin nan, launinsa ya zama nawa, sai in mai shi ya lissafa mini shi bai bar ko ɗigo ba. Juya wa goɗiyarka baya ka faɗa."

Tunau ya juya baya ya fara. Ya ce jikinta madarar da ta kwana, gezarta ta fi jikin haske, bayan kunnen dama akwai gashi ja guda tara, leɓen ƙasa ruwan hoda da ɗigon baƙi biyu, kofato uku baƙaƙe, na baya na hagu da ratsin fari. "A kafaɗar hagu kuma akwai tabo," in ji shi, "faɗin tafin hannuna, baƙi a tsakiya, toka-toka a gefe, gashi bai sake fitowa a wurin ba."

"Shiga," in ji tsohuwar. "Da ka tsallake tabon nan, da ba da wannan goɗiyar za ka haye ba. Hularka fa, wane launi ce?"

Ka ji inda gwani ya tsaya. Mutumin da ya ƙirga gashin bayan kunne, hular da ya yi shekara shida yana sawa bai san launinta ba. Suka haye Gunya na nan yadda take, hula kuwa ta fito fara sol.

Gaba kaɗan suka shiga wani fili na ɗanyar ciyawa, kore shar, raɓa na ɗiga daga kowane ganye ko da yake rana na tsaka. Ciyawar tana magana, murya siririya daga ko'ina: "Gunya, Gunya, zo ki ci, kin sha yunwa." Goɗiyar da ta yi kwana huɗu tana ƙin abinci ta ja ragama har ta kusa kayar da shi. Wallahi ransa ya so ya sake ta, don ba abin da yake nema a duniya kamar ya ga tana tauna. Amma duk mai doki ya san abin da jiƙaƙƙiyar ciyawa ke yi wa cikin da babu komai. Ya duba gefe, ya hangi waɗansu dawaki tsaye cikinsu a kumbure, ƙafafunsu sun yi saiwa, ciyawa ta tsiro a bayansu. Ya tuɓe rigarsa ya rufe mata baki da kunnuwa, ya murtsuke busasshen ganyen harawa a tafinsa har ya zama gari, yana tura mata kaɗan-kaɗan ta ƙasan rigar, suna tafe yana mata hira. Haka suka ƙetare, Shamaki na biye.

Sai hawan wani dutse mai santsi, inda gwiwar ta ƙi. Tunau ya yage hannun rigarsa ya ɗaure ta, ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin wuyanta, suka hau taku ɗaya a huta, taku ɗaya a huta. Daga ƙwanƙolin suka hangi birnin. Gidajensa ba kauri, kamar an zana su a iska, mutane na shiga ƙofa su ɓace. Wani abu kuma na kewaya ganuwa, ido ba ya kama shi, sai dai a ga ganye ya kwanta ya tashi.

Magajiya na zaune a kan tabarmar da ba ta taɓa ƙasa. "Ya ɗan Adam, ga bango, ga dokina yana wucewa. Kwana nawa kake so?"

"Ranki ya daɗe, bakwai. Ba na zane ba, na hidima."

Fadawa suka yi dariya, don ta yaya za a yi wa iska hidima? Magajiya ta ɗaga hannu suka yi shiru. "An ba ka."

Kwana biyu Tunau bai yi komai ba sai kwanciya a gindin ganuwa kunnensa a ƙasa. Ran na uku ya tashi ya ce da Shamaki: "Taku uku cikakku, na huɗu gajere. Dokinku ba son gudu yake ba. Akwai abu a kofaton gaba na dama, in ya tsaya nauyinsa na sauka a kai, shi ya sa ba ya tsayawa." Ya jiƙa dusa da kanwa a akushi ya ajiye a hanya, ya ɗaure Gunya a gefe, shi kuma ya zauna ya ba hanyar baya. Ran na huɗu iskar ta rage sauri in ta zo wurin. Ran na biyar Gunya ta yi 'yar haniniya irin ta tsofaffin goɗiyoyi, sai ga doki tsaye a kan ƙafa uku, siriri har ana ganin ganuwa ta cikin haƙarƙarinsa, jikinsa na rawa.

Tunau ya matsa ta gefe, ba ta gaba ba, yana magana a hankali. Ya shafa wuya, ya gangara kafaɗa, ya ɗaga kofaton. Wani ɗan tsinin dutsen aradu ne ya nutse a ciki, bai fi ƙwayar dawa ba. Ya sa bakin wuƙa ya zare shi. Ƙi-turke ya sauke ƙafar, ya yi wani dogon numfashi da ya kaɗa rigunan duk mutanen birnin. Sauran kwana biyun Tunau ya ciyar da shi, ya taje shi, ya tara gashin wutsiya. Da ya zana shi kuwa, har ramin da tsinin ya bari a kofato sai da ya sa. Dokin ya dubi bangon, ya taka ya shiga, ya kwanta a cikin zanensa ya yi barci.

Magajiya ta sa aka kawo ƙoƙon. Launin ciki ba shi da suna, in ana son ja ya zama ja, in ana son fari ya zama fari. "Bai fi zane ɗaya ba," in ji ta. "Ka yi a hankali."

Tunau ya ɗaure gashin wutsiyar Gunya a kara, ya tsaya gaban bango. Ya zana gwiwa lafiyayya, ya zana haƙora cikakku, ya cike ramukan saman ido, ya ɗaga bayan da ya lotsa. Da ya iso kafaɗar hagu sai hannunsa ya tsaya. Ya tuna daren kurar, ya tuna yadda take kuka in ruwan zafi ya taɓa wurin. Shekara arba'in yana zana mikin dawakin mutane ba ya jin kunyar kowa, amma yau, a kan tasa, tausayi ya rufe masa ido. Ya ce a ransa, me zai sa in sake ɗora mata wannan? Ya shafe kafaɗar sumul da launin madara. Ni da nake ba ku labarin nan, duk lokacin da na zo wurin nan sai na ji kamar in riƙe masa hannu.

Ya juya. Ga Gunya tsaye, budurwar goɗiya, jiki na sheƙi, wuya a murɗe, tana kartar ƙasa da ƙafar da jiya ba ta iya takawa. Daɗi ya cika Tunau. Ya miƙa hannu ya kira ta yadda ya saba. Ta kwantar da kunnuwa, ta ja da baya, ta dube shi da farin ido kamar yadda doki ke duban baƙo. Ya sake matsawa, ta fizge ragama ta koma bayan Shamaki.

"Ranki ya daɗe, me ya same ta?"

"Abin da ka bari a waje ya tafi da kwanakinsa," in ji Magajiya. "Wannan goɗiyar kura ba ta taɓa kama ta ba. Ba wanda ya ɗauko ta a kan jaki, ba wanda ya riƙe kanta kwana arba'in. Ina za ta san ka?"

Tunau ya duba ƙoƙon. Akwai ɗan saura a gindi, abin shafa ɗaya. Ya tsoma karan da sauri ya nufi kafaɗar zanen.

"Dakata ka ji, ya ɗan Adam, sannan ka yi abin da ka ga dama. Ba a ɗora tabo a jikin da bai ji rauni ba. In ka zana, raunin zai buɗe sabo kamar yanzu kurar ta sake ta. Za ta sake shan kwana arba'in ɗin daga farko, ko ta tashi ko kada ta tashi. In ta tashi za ta san ka, ta bi ka gida. In ka bar ta haka, ba za ta haye kogi da kai ba, don wadda ka lissafa wa tsohuwa ba ita ba ce. Za ta zauna cikin dawakinmu, ba tsufa, ba ciwo."

Ya daɗe tsaye, launin na taruwa a bakin karan. Yana son goshin nan a ƙirjinsa, so na gaske, ba ya kuma jin kunyar hakan. Amma shi ya riƙe ta wancan karon, hannunsa bai manta yadda naman ke rawa ba. Ya bi zanen da ido daga kunne har ƙasa, irin duban mai barga, sai ya ga wajen sauri ya bar kofaton baya na hagu ba kauri, irin wanda ke tsagewa a kan dutse. Ya durƙusa ya shafa sauran launin a wurin, har da ratsin farin. Ƙoƙo ya bushe.

Ya miƙe ya ba Shamaki ragamar. "Kanwa kaɗan, ba kullum ba. Kada a ba ta ruwa tana gumi. Ba ta son dusa da kauri. In an dawo da ita a goge mata jiki, ka ji ko?"

"Na ji, na kuma ɗauka," in ji Shamaki. "Sai dai ta manta duk wannan."

"Ita ta manta. Cikinta bai manta ba."

Ya dawo shi kaɗai ta dutsen da filin da kogin. Tsohuwar ta dubi hannunsa ba ragama, ta tuƙa. Ya fito daga bangon zaurensa da la'asar, Yalwa na zaune a bakin ƙofa tana tsince wake. Ta dubi bayansa, ta dubi fuskarsa.

"Ta mutu, Malam?"

"Tana nan lafiya, ta fi ni lafiya. Ni ne na yi ƙarya sau ɗaya." Ya zauna ya ba ta labari, ya yi kuka, ta bar shi ya yi.

Bayan kwana bakwai ya dama jar ƙasa da farar ƙasa irin ta kowa, ya tsince gashin da ya maƙale a tsohon turke ya ɗaure a kara. Ya zana Gunya a bangon zaure kusa da ƙofa, yadda hannunsa ya san ta: gwiwa a kumbure, baya a lotse, gashi ja guda tara, da tabon nan faɗin tafin hannu, baƙi a tsakiya, toka-toka a gefe. Ya murtsuke harawa ya zuba a gindin bangon, don hannu ya riga ya saba.

Sauran dawakin bangon sun ci gaba da fita, sai dai yanzu a goge ake dawo da su. Ita kuwa tsohuwar ba a taɓa samun gumi a jikinta ba, ba mai hawanta. Amma kullum da safe harawar gindin bangon ta ragu. In Tunau ya tsaya kusa zai share wurin, Yalwa ta ce takan ga farar ƙasa ta shafu a gaban rigarsa, daidai ƙirji. Ta daina wanke wurin.